Hawan babur a ƙasar da kake baƙo: amsa ga ɗalibi mai shirin tafiya Indiya

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, shekarata 24, na samu gurbin karatun digiri na biyu a Indiya, kuma in Allah ya yarda zan tafi bayan babbar Sallah. Tun ina ɗan shekara 13 nake hawan babur, babu inda ban shiga da shi ba tsakanin Daura, Mai'adua, Zango da Katsina, kuma ban taɓa yin haɗarin da ya kai ni asibiti ba. Abokaina da suka riga ni tafiya sun ce idan na iso in sayi babur na hannu domin ya fi sauƙin zirga-zirga, sun kuma ce babu mai tambayar lasisi. Lasisin mota kawai nake da shi. Mahaifina ya ce bai yarda ba. Malam, tsoron nasa yana da tushe, ko kuwa irin tsoron iyaye ne kawai?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Idan na fahimce ka da kyau, abin da kake tambaya shi ne ko shekara 11 da ka yi a kan babur a ƙasar Daura sun isa su zama maka izinin hawa a Indiya. Ba su isa ba, kuma tsoron mahaifinka yana da tushe. Ban yi shakkar gwanintarka ba ko kaɗan, domin wanda ya saba da rairayin hanyoyin ƙauyukanmu da cunkoson ranar kasuwa ya san abin da yake yi. Sai dai akwai abubuwa biyu da gwaninta ba ta magance su: takardar da za ta tsaya maka ranar da abu ya faru, da kuma hannunka da ya saba da ɓangaren titi guda tun kana yaro.

Na yi shekaru ina koyar da matuƙa babur a nan Katsina, kafin nan kuma na yi shekara uku ina karatu a Malesiya, inda babur ne abin hawana kullum. Indiya kuwa ziyara ce ta kai ni, ba zama ba, kuma kowace jiha a can tana da yadda take gudanar da ofisoshinta, don haka abin da ya shafi takardu ka ƙara tabbatar da shi a ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku da zarar ka sauka.

Maganar lasisi

Lasisin Najeriya rukuni-rukuni ne. Rukunin A shi ne na babur, rukunin B kuma na ƙaramar mota, kuma na tabbata B ne a hannunka. A nan gida mutane da yawa ba su ɗauki wannan bambanci da muhimmanci ba, saboda yaro yakan fara da babur ɗin yayansa a bayan gari, ya girma yana hawa, har ya yi iyali babu wanda ya taɓa cewa ya nuna takarda. A idon doka kuwa, ko ta Najeriya ko ta Indiya, mai lasisin mota da ya hau babur daidai yake da wanda ba shi da lasisi kwata-kwata.

Sai kuma takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke kira lasisin ƙasashen waje. Wannan ɗan littafi ba sabon lasisi ba ne, fassarar lasisinka ne na gida a tsarin da ƙasashe suka amince da shi, kuma ba ya aiki sai an haɗa shi da katin lasisin asali. Rukunin da ke kan katinka shi za a buga wa hatimi a cikin littafin, saboda haka idan babu A a gida, babu shi a can. Yarjejeniyoyi biyu ne aka fi aiki da su: ta Geneva ta 1949, wadda takardarta ke aiki shekara ɗaya, da ta Vienna ta 1968, wadda takardarta kan kai shekara uku. Indiya tana cikin ta 1949, don haka ka faɗi ƙasar da za ka je a lokacin da kake nema. Ƙasar da ta ba ka lasisi ita ce ke ba da wannan takarda, ta hannun hukuma. Masu tallar ta a intanet suna cewa za su aiko maka cikin awa ɗaya, kuɗinka kawai za su ci.

Tunda akwai sauran lokaci kafin Sallah, ka fara neman rukunin A tun yanzu. Aikin yana bi ta hannun jami'an VIO masu gwajin tuƙi, da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa wadda ke ɗaukar hoto da zanen yatsu. Katin lasisin yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, shi ya sa nake cewa kada ka bari sai jirgi ya matso.

Da yake karatunka zai wuce shekara ɗaya, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ka yi lasisin Indiya a can. Ofishin da ke wannan aiki suna kiransa RTO. Ana fara ba da lasisin koyo mai aiki wata shida, bayan kwana 30 kuma mutum zai iya zuwa gwajin cikakken lasisi. Suna raba lasisin babur mai giya da na marar giya, ka nemi na mai giya. Za su buƙaci fasfo, biza da shaidar wurin zama, wannan kuma yana da alaƙa da rajistar baƙi da ake yi cikin kwana 14 ga wanda bizarsa ta wuce kwana 180. Ka gama da rajistar tukuna.

Abokanka ba ƙarya suka yi maka ba da suka ce ba a tambaya. Mutum zai iya yin wata shida yana hawa babu ɗan sandan da ya tsayar da shi. Idan ma an tsayar, tun gyaran dokar da aka yi a 2019 tarar tuƙi babu lasisi rufi (kuɗin Indiya) 5,000 ce, ta rashin hular kwano rufi 1,000 tare da dakatar da lasisi na wata uku, kuma ɗalibi zai iya daurewa ya biya. Tarar ba ita ce damuwata ba. Damuwata ita ce ranar da aka yi haɗari, domin a ranar kowa zai tambayi lasisi: ɗan sanda, kamfanin inshora, da lauyan wanda aka buge.

Na ga wannan da idona a Malesiya. Wani ɗalibi ɗan Arewa, yaro mai natsuwa, mota ta buge shi a wata mahaɗa, ƙashin cinyarsa ya karye. Yana da inshorar lafiya, amma da aka duba aka ga lasisin mota yake da shi, sai kamfanin ya nuna sharaɗin da ke cikin takardar, ya ƙi biya. Na tuna yadda muka tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a muna tara masa kuɗi a cikin hula, da yadda yake kwance da ƙarafa a ƙafa yana roƙonmu kada a gaya wa mahaifiyarsa. A ƙarshe sai da aka sayar da gona a gida. Irin wannan sharaɗi ya zama ruwan dare a inshorar matafiya: ba sa biya idan babu lasisin babur ko babu hular kwano, wasu kuma suna iyakance girman inji, galibi kada ya wuce 125cc. Ka buɗe takardar inshorarka ka nemi inda aka ambaci babur kafin ka ɗora ƙafa a kan ko da na aro ne.

Hannun da ya saba da dama

Wannan shi ne abin da na fi so ka tsaya a kansa. Ka tambayi mahaifinka, mai yiwuwa ya tuna ranar 2 ga Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu, wanda ta gada daga Ingila, ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta irin su Nijar. Indiya ba ta canza ba, har yau a hagu ake tuƙi, haka ma Malesiya, Pakistan, Indonesiya, Kenya, Uganda da Afirka ta Kudu.

Mai mota yana da abin da ke tuna masa, domin sitiyari ya koma ɗaya ɓangaren, giya ta koma ɗaya hannun, duk zamansa ya canza. Mai babur ba shi da wannan. Totur yana hannun dama kamar kullum, kuloci yana hagu, giya tana ƙarƙashin ƙafar hagu, har ma babur ɗin kansa wataƙila ɗan gidan Bajaj ko TVS ne irin wanda ka bari a Daura, tunda daga Indiya ake kawo mana su. Jikinka zai riƙa gaya maka cewa kana gida. Kuma gwani ya fi ɗan koyo shiga wannan tarko, saboda ɗan koyo yana tunani a kan kowane motsi, gwani kuwa hannunsa ke yanke hukunci kafin ya yi tunani.

A cikin cunkoso ba a cika yin kuskuren ba, domin kana bin na gabanka. Titin da babu kowa shi ne abin tsoro. A watana na biyu a Malesiya, lokacin da nake ganin na riga na saba, na fito daga masallaci bayan sallar Asuba, gari bai gama wayewa ba, kwalta tana da danshin ruwan dare. Na karya kwana na hau hannun dama, na yi tafiyar da ta kai tsawon filin ƙwallo hankalina kwance. Sai ga fitilun wata motar kai burodi tsaf a gabana, direban yana ta danna ham. Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne, a daƙiƙar farko na ɗauka shi ne ya bar hannunsa. Na kauce na faɗa cikin ciyawar gefen titi, gwiwata ta daki bakin kwalbati, kuma tabon yana nan har yau. Direban ya fito jikinsa yana rawa fiye da nawa. Tun daga ranar na ɗaura jan ƙyalle a madubin hagu, kuma duk lokacin da zan tashi sai na ce wa kaina: hannun totur ya kalli tsakiyar titi. Wannan ƙa'ida ita nake koya wa duk mai tafiya ƙasar da ake bin hagu.

Wuraren da sabo ke dawowa sanannu ne: fitowa daga gidan mai, juyowa bayan ka yi ɓatan hanya, tashi da sassafe, da lokacin da wani abu ya firgita ka. Shataletale ma ya juye. A shataletalen Ƙofar Ƙaura da ke Katsina kana shiga ta dama kana duban abin da ke tahowa daga hagunka, a can kuwa za ka shiga ta hagu, ka zagaya yadda hannun agogo ke tafiya, masu tahowa kuma daga damarka suke. Kwanar dama ita ce mai tsallaka gaban masu zuwa, ita ce mai haɗari, kuma ta dama ake wuce abin hawa. Ko da ƙafa za ka tsallaka titi, dama za ka fara duba.

Ga kuma yanayin titin kansa. Alƙaluman gwamnatin Indiya na 2022 sun nuna mutum fiye da 168,000 ne suka mutu a haɗarin hanya a shekarar, kuma kusan kashi 44 cikin 100 masu hawan abin hawa mai ƙafa biyu ne. Waɗannan 'yan ƙasa ne da suka tashi a kan titunan. Kowane gari yana da dokar da ba a rubuta ba, wadda sai zama ke koyar da ita: wa ke ba wa hanya, me ƙyafta fitila ke nufi, yaushe ham ke nufin "ga ni nan" kuma yaushe yake nufin "ba zan tsaya ba". A Indiya babba ne ke da hanya, bas da babbar mota ba sa jira. Shanu suna kwanciya a tsakiyar kwalta, kuma buge saniya a can ba ƙaramar fitina ba ce, balle ga baƙo. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi, ruwa yana rufe ramuka, fentin titi da murfin ƙarfe na magudanar ruwa suna santsi kamar an zuba kuɓewa.

Saboda haka shawarata ita ce ka yi watanni biyu ko uku na farko ba ka tuƙa komai ba. Ka hau bas, ka hau jirgin ƙasa na cikin gari idan akwai shi a garinku, ka hau keke mai ƙafa uku, wanda shi ne Keke Napep ɗinmu. Ka zauna a baya ka zuba ido, ka riƙa tambayar kanka: da ni ne a gaba, ina zan bi a nan? Bayan haka ka fara a cikin harabar jami'a, sannan unguwa da rana, sannan babban titi. Dare ya zo a ƙarshe.

Wane babur, da wace hula

Idan lokacin saye ya yi, ka tsaya a kan abin da ka sani, wato ƙaramin babur mai inji 100cc zuwa 125cc. Za ka ga Royal Enfield mai 350cc yana rugugi, zai ba ka sha'awa, amma nauyinsa ya kusa kilo 200, kuma ba a koyon sabon hannu a kan irinsa. Za ka kuma ga ƙananan babura marasa giya irin Honda Activa sun cika gari. Suna da sauƙi, amma akwai tarko a jikinsu ga mai irin sabonka: abin da ke hannun hagu birkin baya ne, ba kuloci ba. Wanda ya saba damƙe kuloci gaba ɗaya zai damƙe birki, tayar baya ta kulle. Tayoyinsu ma ƙanana ne, ramin da Boxer zai haye su yakan kayar da su.

Babur na hannu sai an kula da takardunsa. Ka tabbatar lambar inji da ta gangar jiki sun yi daidai da abin da ke cikin takardar rajista, a kuma mayar da rajistar zuwa sunanka a ofishin RTO. Ɗalibai sukan riƙa miƙa wa juna babur shekara da shekaru alhali yana ɗauke da sunan wanda ya daɗe da barin ƙasar, ranar da aka samu matsala babu mai iya nuna nasa ne. Inshorar da ke biyan wanda ka buge wajibi ce a dokarsu, haka ma takardar gwajin hayaƙi. Idan haya za ka ɗauka na kwana ɗaya ko biyu, ka ɗauki bidiyon babur ɗin a gaban mai shi, kowane karce da kowace tsaga, kuma ka ba da kuɗin ajiya ko kwafin fasfo. Fasfo na asali kada ya bar hannunka, domin duk wanda ya riƙe shi, farashin da ya faɗa shi za ka biya.

Hular kwano kuwa, na san yadda muke da ita a nan. Lokacin da aka fara tilasta ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka, wasu suna cewa zafi, wasu suna cewa ba za su sa abin da wani ya cire ba. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kafa hujja da shi ya nuna hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ka sayi taka sabuwa, mai rufe haɓa, mai tambarin ingancin ISI na Indiya, kuma ka ɗaure igiyarta yadda yatsa biyu kawai za su shiga. Hular da ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Wanda ka goya ma sai da tasa. Ka ajiye silifas ka sa takalmi mai rufe idon sawu, ka sa safar hannu, domin tafin hannu ke fara taɓa kwalta. Ranar Juma'a idan ka sa doguwar riga, ka naɗe ta ka zauna a kanta, na sha ganin bakin riga ya shiga sarka ya fizgo mutum.

Kada kuma wani ya ja ka aikin kai saƙo ko ɗaukar fasinja da babur don samun na kashewa. Bizar karatu ba ta ba ka wannan izini ba, kuma abin da za ka rasa ya fi abin da za ka samu.

Idan Allah ya ƙaddara haɗari, lambar gaggawa a Indiya 112 ce. Ka kira, ka kira ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ka ɗauki hotunan wurin. Jama'a za su taru nan da nan suna magana da harshen da ba ka ji, kuma baƙo ne ake fara ɗora wa laifi. Kada ka ɗaga murya, kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba, ka jira wanda zai yi maka tafinta.

Ga sauran masu karatu da ba Indiya za su ba, kowace ƙasa da nata. Ƙasar Sin ba ta karɓar takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa, kuma birnin Guangzhou da 'yan kasuwarmu ke zuwa ya hana babura a tsakiyar gari tun 2007. A Kigali direba da fasinja duka sai da hula. Ko Nijar da muke shiga ta Kongolam ko Jibiya kamar gida, ƙasa ce mai dokarta, jandarma zai nemi takardun babur da inshora, kuma an taɓa hana hawan babur gaba ɗaya a yankunan Diffa da Tillaberi saboda tsaro.

Game da mahaifinka, ba zan ba ka shawarar ka hau a ɓoye ba don kana ganin nesa ta raba ku. Ka karanta masa wannan amsa, ka yi masa alkawarin ba za ka taɓa babur ba a watannin farko. Ranar da lasisin ya fito, ka kira shi ta bidiyo ka nuna masa katin, da takardar inshorar, da hular a hannunka, sannan ka sake neman izininsa. Idan ya ce a'a a karo na biyu, ka ci gaba da hawan bas har ya sauko da kansa.